Mayen Malam Ma'auni

A duk layin masu sana'a babu mai yawan ambaton maye kamar kafintan nan da ake kira Ma'auni, alhali tun da aka haife shi ko karan sigari bai taɓa kai wa bakinsa ba. Shayi ma sai an sirka masa, wai kada ya hau masa kai. Sunan kuwa ya samo shi daga tef ɗin awon da ba ya barin wuyansa. Ko gaisawa zai yi da mutum, sai ya dube shi daga hula har takalmi, kamar mai lissafin katakon da zai ishe shi.

A wurin sauran jama'a, mai maye shi ne wanda ya sha ya bugu, yana tangaɗi yana gaida falwaya. A wurin Ma'auni abin ya fi haka faɗi. Tela ya sayi sabon keke yana kiran mutane su gani, mayen sabon abu ne. An zaɓi mai walda shugaban layin ya fara tafiya da hannuwa a baya, mayen mulki. Saurayi ya tsaya yana yi wa waya murmushi, mayen soyayya, wanda ya ce ya fi na kwalba wuyar saki. Wani sa'in yakan dace, don kowa ya san giyar mulki tana bugarwa. Amma in aka bi diddigi, duk wanda Ma'auni ya ce yana maye, mutum ne da ke jin daɗin wani abu a gabansa ba a ɗiba masa ba.

Aiki kam ya iya shi, ko maƙiyinsa ba zai hana shi wannan ba. Ƙofar da ya haɗa ba ta kuka. Aljihun teburin da ya yi da yatsa ɗaya ake jansa, ko da damina ce katako ya sha sanyi. Inda wani zai narka ƙusa ya rufe ramin da gam, shi sai ya zauna ya sassaƙa haƙora, katako ya ciji ɗan'uwansa. Sai dai irin wannan aiki ɓoyayye ne. Mai saye ba ya leƙa bayan kabad, fuska yake dubawa.

Fuskar kuwa a hannun ƙanin matarsa take. Tun yana saurayi yayarsa ta kawo shi shagon, ta ce a riƙe mata shi. Zarto bai karɓe shi ba, guduma ta ƙi shi, amma ranar da ya ɗauki bindigar feshi sai ka ce da ita aka haife shi. Shi ke fesa wa kaya banish, man nan da ke sa katako ƙyalli har mutum ya ga haƙoransa a jikin tebur. Daga nan aka sa masa Sheƙi, sunan ya bi shi har 'ya'yansa suka taso suka ji ana kira.

Ɗakin feshin yana bayan shago, matsattse, taga ɗaya, ƙofar ƙarfe, injin iska a waje ƙarƙashin rumfa. In Sheƙi zai fara aiki sai ya yayyafa wa ƙasa ruwa, ya rufe taga, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma, don ƙwayar garin katako ɗaya in ta sauka kan ɗanyen banish ta gama ɓata aikin. Ya ɗaura ƙyalle a hanci, ya ja ƙofa, sai kuma waƙa. Murya ce da ko agwagwa ba za ta yi hassadarta ba, waƙar ma ƙirƙirarsa ce, kullum da sabon baiti, amma amshin ba ya canzawa: katako na Yaya, ƙyalli nawa, mai saye ya zo da ido. Ba a jimawa sai ya fito, ya sauke ƙyallen, ya zagaya ya tsokani tela, ya ja mai walda da wasa, ya sa mai shayi dariya, sannan ya koma.

Duk wannan a idon Ma'auni lalaci ne da neman suna. Abin da ya fi ci masa rai shi ne telan da shagonsa ke jingine da bangon ɗakin feshi. Mutum ne da ba ya kashe rediyonsa ko ana yi masa magana, amma da zarar Sheƙi ya fara waƙa sai ya kai hannu ya kashe. Ga masu saye kuma. Mutum zai zo ɗaukar gadon da Ma'auni ya yi makonni yana haɗawa, ya shafa samansa, ya ce, "Kai, wannan hannu da albarka yake," idonsa na kan Sheƙi. Ma'auni yakan koma kan bencinsa yana cewa a ransa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuɗin ma ai shi ke karɓa. Yabon yake so, shi ne kuma bai taɓa samu ba. Kishi ne tsagwaronsa, ko da yake da za a faɗa masa haka sai ya rantse bai san abin ba.

Da a kan masu saye abin ya tsaya da sauƙi. Ma'auni yana da 'ya mace guda ɗaya bayan maza, ita ce auta, Auta kuma kowa ke kiranta. Tana ƙarama ya yi mata 'yar kujera daga guntayen katako, ya goge kowane gefe don kada sartse ya soke ta. Kawunta ya fesa mata ja. Yarinya ta rungume kujera tana zagaya gida tana cewa, "Ku ga kujerar da Kawu ya yi mini." Uwarta ta yi dariya, kowa ya yi dariya, Ma'auni ya ce yana da aiki ya fita. Auta ta girma, ta yi karatu, ta zama malamar makaranta, kujerar tana nan a kicin ana hawa a ɗauko tukunya, kuma har yau sunanta kujerar Kawu. In ta kawo abincin rana shago, mahaifinta gaisuwa yake samu da ladabi, kawunta kuwa hira da shewa.

Da aka sa mata ranar aure da wani malami abokin aikinta, Ma'auni ya hau tsani ya sauko da wasu katakai da ya daɗe da ɓoyewa a saman shago, tun tana firamare. Sif zai yi mata na kaya, mai ƙofa uku, da madubi a tsakiya. Ya ture duk wani aiki gefe. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Ya yi wani ɗan aljihu a ciki daidai tsayin hannunta, don ya san tsawonta ba sai ya auna ba. Ranar da ya gama gogewa, ya aika ta zo ta gani, ya tsaya gefe yana wasa da tef kamar ba ruwansa.

Ta zagaya sif ɗin, ta buɗe ƙofa ta rufe.

"Baba, ya yi kyau, Allah ya saka da alheri." Sai ta waiga wajen ɗakin feshi. "Kawu, yaushe za ka sa masa hannu? Na matsu in ga yadda zai fito."

Yadda zai fito. Wato yanzu bai fito ba. Ma'auni ya ji maganar ta sauka masa a ƙahon zuciya. Sheƙi ya leƙo yana goge hannu, ya ce, "Ki bar ni da shi, 'yata. Ranar da na gama, angon naki ba zai ƙara sayen madubin aski ba." Ta tuntsire da dariya, tela da mai walda da suka shigo kallo su ma suka taya ta.

"Ba zai taɓa shi ba," in ji Ma'auni.



"Yaya, wasa kake yi?"

"Ka taɓa ganin na yi wasa? Ba zan bar mashayi ya taɓa kayan ɗakin 'yata ba. Kun ɗauka raha ce ke sa shi waƙa da surutu? Tina yake shaƙa, ruwan nan da ake sirka banish da shi. Ya kulle kansa a ɗaki ya zuƙa ya bugu, ya fito yana yi muku tsalle-tsalle kuna tafa masa. Maye ne, ba komai ba. Shekara da shekaru ina gani ina shiru saboda yayarsa."

Tela ya buɗe baki zai yi magana, Ma'auni ya juya masa ƙeya. Sheƙi ya kwance ƙyallen wuyansa ya rataye a ƙusa, ya ɗauki hularsa ya fita. Auta ta dubi mahaifinta, duban da bai taɓa gani a fuskarta ba, ta bi bayan kawunta. Magana zarar bunu ce. Kafin la'asar ta kai ƙarshen layi, washegari yara suka tare ɗan Sheƙi a hanyar makaranta suna tambayarsa ko babansa ya wartsake.

A gida matar Ma'auni ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta ajiye masa abinci ta ce, "Malam, ka san ƙanina ba ya shan komai. Kai ma ka sani. Abin da ke hawa kanka kuwa ba a sayar da shi a kwalba." Ya ce abincin gishiri ya yi yawa.

Washegari da hantsi ya sa aka tura sif cikin ɗakin feshi. Me ke cikin feshi? Shekaru yana ganin yadda ake shiri ta wutsiyar ido. Ya yayyafa ruwa, ya rufe taga, ya toshe ƙasan ƙofa. Ya ga ƙyallen a ƙusa ya ƙi taɓawa, don na Sheƙi ne. Ya haɗa banish da tina a gwangwani yadda yake tsammani ana yi, ya kunna inji, sannan ya yi abin da Sheƙi bai taɓa yi ba, ya danna sakata ta ciki, don kada wani ya leƙo ya ce ga yadda ake riƙe bindiga. Ya ƙudura ba zai fito yawon surutu ba sai ya gama, a ga bambancin mai aiki da mai wasa.

Feshin farko ya sauka, katako ya yi duhu, jijiyoyinsa suka taso kamar an tashe su daga barci. Ma'auni ya tsaya baki sake. Ashe haka abin yake daga nan ciki. Ya ƙara. Warin ya fara da yaji a hanci, can sai ya daina jinsa. Kansa ya yi sakayau, kafaɗunsa da suka shekara a ɗaure suka saki. Ya ga fuskarsa a jikin ƙofar sif, doguwa, da hanci kamar na buta, abin ya ba shi dariya. Ya ƙara fesawa. Banish ya taru ya fara gangarowa yana hawaye, shi kuwa gani yake bai taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Ya fesa wa madubi, ya fesa wa takalminsa, ya zauna a jiƙaƙƙen ƙasa yana ƙyaƙyatawa.

Dariyar ce ta cece shi. Tela yana ɗinki ya ji inji na aiki babu waƙa, ya kashe rediyo bisa sabo, sai ya jiyo wani yana dariya ta bango. Ya kasa kunne. Shekarunsu nawa suna maƙwabtaka bai san muryar dariyar Ma'auni ba, shi ya sa da ya gane ta sai ya san ba lafiya ba. Ya fita da gudu ba takalmi. Sheƙi yana zaune wurin mai shayi a bakin layi, ba shi da wurin zuwa. Mai walda ya sa ƙarfe ya ɓalle sakatar, Sheƙi ya ja numfashi ya riƙe, ya shiga ya saɓo mijin yayarsa a kafaɗa ya dire shi a kan titi.

Jama'a suka taru. Ma'auni ya miƙe, ƙafa ta ƙi, ya rungume falwaya. Daidai lokacin Auta ta iso da kular abinci, don fushi bai hana ta kawowa ba. Ya gan ta ya nuna ta da yatsa, yana dariya hawaye na zuba.

"Ke! Kujerar nan ni na yi ta. Ni! Ja kawai ya shafa mata. Kwana na yi ina goge ta don kada ta soke ki." Ya juya ga mutane. "Ku tambaye ta, ta taɓa yi mini dariya? Shi take yi wa. Kowa shi yake yi wa. Ni ma ina so. Ni ma ubanta ne, ina sonta, na fi shi sonta, katakon nan tun tana 'yar mitsitsiya na ɓoye mata." Sai ya sulale ƙasa ya yi amai a kan takalmin mai walda.

Ya farka a gida da ciwon kai kamar ana buga masa ƙusa. Tela ya zo dubiya da yamma, ya zauna, ya ga babu amfanin ɓoye-ɓoye.

"Malam Ma'auni, ka san abin da ya sa nake kashe rediyo? Sheƙi ya taɓa faɗuwa a ɗakin can, kana wurin sayen katako. Da ƙyar muka farfaɗo da shi. Tun ranar muka yi da shi, in yana ciki ya riƙa waƙa, in na ji ta tsaya in buɗe ƙofa. Fitowar da yake yi yana tsokanarmu kuwa iska yake sha. Duk layin nan an sani."

"Me ya sa ba a gaya mini ba?"

"Wa zai gaya maka? Ana ambaton sunansa kake juya ƙeya."

Sheƙi ya zo ya kwashe bindigarsa da injinsa. A bakin ƙofa ya ce, "Yaya, na fito da kai don kai mijin yayata ne, ko gobe ma zan fito da kai. Amma ɗana ya tambaye ni ko gaskiya ne ina shaye-shaye." Ya kama wani ɗaki a bayan gareji, can nesa da layin, inda babu wanda ya san shi. A layi kuma kalmar ta koma kan mai ita. In ana son tuna wani abu sai a ce, ai kafin mayen Malam Ma'auni ne, ko bayansa. Shi kuwa daga ranar bai sake kiran kowa mai maye ba, ko ɗan kwalbar da ke kwana a ƙarƙashin gada.

Ya ɗauki sanfefa, takardar goge katako, ya fara kankare sif da hannu, hawaye bayan hawaye, har ya mai da shi farin katako. Kada a ɗauka kishin ya tafi. Yanzu ma ya fi, don labarin da ake bayarwa a gidansa shi ne yadda Kawu ya riƙe numfashi ya shiga ya ceto Baba. Yana cikin gugar Auta ta shigo, ta tsaya a bayansa.

"Baba, abin da ka faɗa a titi, ka tuna?"

"Ba na cikin hayyacina."

"Na sani. Shi ya sa na ji haushi. Ban taɓa jin ka ce kana sona ba sai ranar da ka bugu." Ta shafa aljihun nan na ciki, ta ja shi da yatsa ɗaya ta mayar. "Na san wanda ya yi kujerar tun ina aji uku. Kai ne ba ka taɓa zama an yi hira da kai ba balle in faɗa. Sif ɗin nan kuwa ba zai shiga ɗakina ba sai da hannunku ku biyu. Ka je wurinsa, idonka biyu."

Ya yi kwanaki yana juya maganar. Ranar aure na matsowa, sif na tsaye tsirara. Wata safiya ya kwance ƙofar tsakiya daga jikinsa, ya naɗe ta a tsohon bargo, ya ɗora a ka, ya ratsa layin kowa na kallo. Mai shayi ya ce, "Malam, a sirka?" Ya wuce abinsa.

Tun daga bakin garejin ya jiyo muryar, ba ta ƙara daɗi ko kaɗan ba. Ɗaki ne na kwano a ƙarshen fili, tsakanin matattun motoci, babu shago kusa, babu tela, babu kowa. Sai mutum ɗaya. Auta ce zaune a kan benci a bakin ƙofa, jakar makaranta a cinya, tana duba agogo. Ashe tun da kawunta ya dawo nan, ita ke zuwa kullum kafin ta wuce aji, shi kuma yana haɗa feshinsa a wannan ɗan lokacin. Ma'auni ya ji tsohon ciwon ya motsa. Shi bai taɓa samun wanda ya zauna a ƙofarsa yana sauraron ko yana numfashi ba.

Ta dubi ƙofar sif a kansa, ta dube shi. Ya sauke ya jingine da bango, ya nufi ɗakin zai ƙwanƙwasa.

"Kada ka buɗe, Baba, ƙura za ta shiga. Sai ya fito da kansa." Ta miƙe ta rataya jaka. "Na makara, yau ina da darasin farko. Za ka riƙe mini?"

"In riƙe me?"

"Ka zauna kawai ka saurara. In waƙar ta tsaya ka buɗe."

Ta tafi tana sauri tsakanin motocin. Ma'auni ya zauna a inda ta tashi, bencin ma ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta, ya lura. A ciki Sheƙi ya kai ƙarshen baiti, ya zo inda amshi yake, sai ya tsallake shi, ya bar wurin babu komai. Shirun bai fi na jan numfashi ba, amma kafin waƙar ta dawo Ma'auni har ya miƙe, hannunsa na kan ƙofa.